Yadda za ka hana WhatsApp cinye maka forfe da memwar

Mutum ya sayi forfe na jika guda da safe, kafin la'asar saƙo ya shigo wai ya ƙare, sai ya zo fada yana zagin kamfanin waya. To ɗan uwa sau da yawa ba su ba ne fa, wayarka ce ke jan kaya ba ka sani ba, balle in kana cikin gurup na dangi da na 'yan unguwa da na waɗanda kuka yi lekol tare, kowa ya tashi da asuba sai ya turo bidiyon wa'azi da hoton fure mai barka da Juma'a, bidiyo guda ma sai ya shigo maka sau huɗu ta gurup huɗu.

Buɗe WhatsApp, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga Paramètres, sai Stockage et données. Tunda yawancin wayoyinmu nan Yamai da faransanci suke, sunayen da za ka gani kenan nake rubutawa. A wajen Téléchargement automatique des médias akwai layi uku, na intanet ɗin sim, na wifi, da na in ka ƙetare iyaka. Shiga na farkon ka cire alamar da ke kan hoto da odiyo da bidiyo da takardu, duka, kar ka ji tausayin ko guda. Daga nan abin da ka taɓa da yatsanka shi kaɗai zai sauka. Saƙon murya dai shi yana sauka da kansa ko mi ka yi, amma ba shi da nauyi. A shafin nan kuma akwai maɓallin rage cin mega lokacin kira, kunna shi in kana yawan kiran 'yan uwa da ke Kano ko Libiya.

Yanzu shara. Can sama akwai Gérer le stockage, nan ne za ka ga abin mamaki wallahi, don yana ware maka kayan da suka wuce mega 5 da waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, sannan ya jera gurup gurup daga wanda ya fi cin wuri. Ka fara da na saman. Amma dan Allah ka duba kafin ka goge, hoton takardar fili ko rasit ɗin kuɗin da aka aiko maka yana iya kasancewa a tsakiyar bidiyon biki, ka sa masa tauraro ko ka tura wa kanka tukuna. Wasu suna kashe Visibilité des médias suna zaton sun samu wuri, a'a, wannan ɓoye hotuna kawai yake daga galeri, kayan suna nan cikin waya.

Ɓarawo na biyu Play Store ne. Taɓa hotonka a sama, Paramètres, Préférences réseau, ka mai da sabunta manhajoji ya zama ta wifi kaɗai. Ban ce ka daina sabuntawa ba, ciki ake toshe ƙofofin da masu kutse ke bi, sai dai ka bari sai ka samu wifi a wurin aiki ko wajen masu saida tikiti a unguwa, kuma batir a cike, kar kuran ya ɗauke waya ta mutu ana tsakiyar aiki. Ni dai abin da ke ban haushi, ka ƙona mega ka sabunta, ka buɗe ka tarar abin da aka ƙaro maka zoben nan na Meta AI ne wanda ba ka roƙa ba, a 2025 kuma suka ce talla za ta shigo wajen statu. Tecno da Itel ɗinmu masu jiga 32 su ke shan wahalar.

Sai maganar ajiya, wato kwafin hirarrakinka da ake aje maka a intanet, wadda mutane ba su kula da ita sai ran da aka fizge waya a kasuwar Katako. Da can ajiyar WhatsApp a Google Drive ba ta shiga lissafi, amma tun 2024 tana cin cikin jiga 15 ɗin da Google ke baiwa kowa kyauta, kuma jiga 15 ɗin nan da Gmail da Google Photos ake rabawa, in ya cika ajiya ta tsaya, imel ma ya daina shigowa. Shiga Discussions, Sauvegarde des discussions, ka kashe Inclure les vidéos, ka sa ajiyar sati sati, ta wifi. Kuma ka rubuta adireshin Gmail ɗin da lambar sirrinsa a takarda ka aje gida, don da yawa yaron da ya saida musu waya ne ya buɗe musu, su ko sunan ba su sani ba. Masu iPhone ku naku iCloud ne, jiga 5 kacal.

Masu GB WhatsApp kuwa, wato ta bogi wadda ba kamfanin WhatsApp ya yi ba, wannan ajiyar ta Google Drive ba ta aiki gare ku, kuma ana iya rufe lambar mutum a kanta, gara ka koma ta asali tun lambar na hannunka. In wayar tsohuwa ce sosai ka leƙa À propos du téléphone ka ga wane Android gare ta, tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan duk wanda bai kai Android 5.0 ba.