Babi na 7: Jinyar Tsoho a Gida

Darasi na 1: Ku tambaye shi

Akwai ciwon da likita zai ce ba sauran warkarwa, sai rage raɗaɗi. Tsofaffinmu da yawa a nan Makka sun fi son su cika a ɗakinsu, kusa da jikoki. Amma so kaɗai ba ya zaunar da tsoho a gida. Sai ya faɗa da bakinsa, 'ya'ya sun amince, akwai mai kwana da shi, sannan ciwo bai fi ƙarfin maganin da ke hannu ba. Ku zauna ku ce, "Baba, ina ka fi son a yi jinyarka?" Tambayar ba ta jawo ajali.

Darasi na 2: Lokacin magani

Abin da na ga yana mayar da tsoho asibiti da tsakar dare shi ne ciwo ya taso domin an tsallake magani. A nan kuma ajinmu ke tuntuɓe, saboda lambobin Larabci.

Ku dubi wannan: ٥. Zagaye ne kamar ƙwai, amma biyar ne. Ba sifiri ba ne. Sifirinsu ɗigo ne kawai: ٠. Ku faɗa tare da ni: ƙwai biyar, ɗigo sifiri. Ku sake. Kada ku ji kunya, ni ma na daɗe kafin ya zauna mini.

Yanzu ٧ da ٨. Mai buɗe baki sama bakwai ne. Mai kife takwas ne.

Ku samo littafi, ku ɗaura masa biro da zare. Idan likita ya ce maganin ciwo awa huɗu-huɗu, kuka ba Baba ƙarfe 8, na gaba ƙarfe 12 ne. Da zarar ya haɗiye, ku rubuta lokacin. Kada ku ce sai an idar da salla. Ya haɗiye, ku rubuta. Kada ku jira sai ya fara nishi, maganin a kan agogo ake ba da shi. In kun manta, kada ku ninka, ku tambayi likita.

Wata Hajiya daga unguwar Shara Mansur ta ce mini ita ta haddace, ba ta bukatar littafi. Hajiya, idan barci ya ɗauke ki fa? Ƙanwarki da ta karɓe ki, a ina za ta duba? Wata uku ina faɗin abu ɗaya, har yau wasunku suna zuwa da littafi fari fat. Wannan ba rashin kai ba ne, sakaci ne. Ƙwai nawa ne? Biyar. Ya haɗiye, me za ku yi? Ku rubuta.

Darasi na 3: Lambobin waya

937 ta Ma'aikatar Lafiya ce, ana samun shawarar likita dare da rana. 997 ta motar asibiti ce. Ku rubuta su da girma a bangon littafin. Kafin a sallame ku daga asibiti, ku tambaya ko za a sa Baba cikin masu samun ziyarar ma'aikatan jinya a gida.

Darasi na 4: Mai jinya

Kada a bar wa mutum ɗaya. Ku raba kwana. A riƙa juya Baba bayan kowace awa biyu saboda gyambon kwanciya.

Aiki: Ku rubuta ٥ sau goma.