Yadda Ake Koyon Zana Kayan Roba Don Injin Zubi

Yawancin waɗanda na gani suna fara koyon wannan aiki sun riga sun iya kwamfuta, kuma cikin 'yan sa'o'i suna iya fitar da kyakkyawar siffa a manhajojin zane irin su SolidWorks ko Fusion 360. Amma da zarar zanen ya isa hannun mai ƙera mazubin ƙarfe, wato abin da masu sana'ar ke kira mol, sai a dawo musu da shi. Dalilin kuwa shi ne sun zana abin da ido yake so, sun manta cewa narkakkiyar roba ce za a tura da ƙarfi cikin rami, ta cika shi, ta huce, ta tsuke, sannan a turo ta waje ba tare da ta lalace ba. Ba zan tsaya kan sarrafa manhaja ba, domin na ɗauka mai karatu ya wuce nan.

Matakin farko shi ne ka zaɓi irin robar tun kafin ka ja layi ko ɗaya, saboda kowace roba da yadda take tsukewa idan ta huce. Robar da ake kira ABS takan tsuke da kashi 0.4 zuwa 0.7 cikin ɗari, ita kuwa wadda ake kira PP takan kai kashi 1 zuwa 2 ko fiye. A kan abu mai tsawon milimita 100, wannan bambanci ne da zai iya zarce milimita guda. Mai ƙera mol yana ƙara girman ramin ne daidai da tsukewar robar da ka faɗa masa, saboda haka idan ka sauya ra'ayi bayan an sassaƙa ƙarfe, murfi ba zai hau gidansa ba. Ni dai ina sa mai koyo ya fara da ABS, domin ba ta cika yi wa mutum gardama ba.

Mataki na biyu shi ne kaurin bango, kuma a nan ne kusan kowa yake faɗuwa, har da ni. Mai koyo yana zuwa da tunanin cewa abu mai kauri shi ne mai ƙarfi, sai ya cika duk inda yake tsoron karyewa da roba. Roba kuwa daga waje take fara hucewa. Fatar da ke jikin ƙarfe ta daskare, cikin yana nan da zafi, kuma yayin da cikin yake tsukewa sai ya jawo fatar, wurin ya lotsa, ko kuma a sami kogo a ciki wanda ba a gani sai abin ya karye. Idan kuma wani ɓangare ya fi wani kauri, siririn ya riga ya huce yayin da mai kaurin yake ci gaba da ja, sai kayan ya fito a murɗe. Ƙa'idata ita ce ka zaɓi kauri ɗaya, galibi tsakanin milimita 1.5 da 3, ka riƙe shi a ko'ina. Inda dole sai kauri ya sauya, kada ka yi shi kamar matakala, ka sassauta shi a hankali a kan tazarar da ta kai ninki uku na bambancin.

Akwai batun kuɗi ma a nan. Lokacin hucewa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kauri: idan ka ninka kaurin sau biyu, jiran yakan kusan ninkuwa sau huɗu. Hucewa ita ce take cin fiye da rabin lokacin kowane zagaye na injin, wato daga tura roba zuwa fitar da kayan, kuma da lokacin injin ake yi maka lissafi. Milimita ɗayan da ka ƙara don hankalinka ya kwanta za ka ci gaba da biyansa a kan kowane guda, ko da miliyan za a buga.

Ƙarfi ana samunsa ne da haƙarƙari, wato siraran katangu da ake tsayarwa a bayan bango. Kaurin haƙarƙari a gindinsa kada ya wuce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na kaurin bangon da ya tsaya a kai, tsayinsa kada ya wuce ninki uku na kaurin bangon, kuma tsakanin haƙarƙari biyu a bar tazarar akalla ninki biyu na kaurin bangon. Haka ma turken da sukuru yake shiga: a huda cikinsa har kusa da gindi, a nisanta shi da bangon gefe, sannan a haɗa su da siririn haƙarƙari.

Wannan darasi a jikina na koye shi. Na taɓa zana murfin wata ƙaramar na'ura da baƙar ABS mai sheƙi, kaurin bango milimita 2.5, sai na manna turakun sukuru huɗu a kusurwoyi, na cike tsakaninsu da bango don su yi ƙwari. A allon kwamfuta ba abin da ya nuna. Da samfurin farko ya iso, na ɗaga shi zuwa hasken taga, sai ga lotsawa huɗu a fuskar murfin, kowace kamar an danna ɗan yatsa a kan kakin zuma. Mai injin ya ƙara matsi da lokacin riƙe robar a ƙarƙashin matsin, lotsawar ta ragu amma ba ta ɓace ba. Gyaran ya zama sai an rage robar, rage roba kuwa yana nufin ƙara ƙarfe a cikin mol, ta hanyar walda ko dasa sabon yanki. Tun daga ranar, duk inda nake shakka sai in zana shi siriri, domin ƙara roba daga baya sassaƙe ƙarfe kawai yake buƙata, wanda ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba.

Mataki na uku shi ne ka yanke shawarar inda mol zai rabu biyu da kuma alƙiblar da zai buɗe, sannan ka ba kowane bango da ke bin wannan alƙibla 'yar karkata. Roba tana tsukewa ta rungume ƙarfen da ke cikinta, kuma idan bangon a miƙe yake sak, sandunan da ke turo kayan za su bar fararen tabo ko su huda shi. Digiri 1 zuwa 2 ya isa ga fuska mai santsi, amma fuska mai kaushi tana buƙatar digiri 3 zuwa 5, gwargwadon zurfin kaushin. Ka sa karkatar tun farko, domin sa ta a ƙarshe yakan wargaza zanen gaba ɗaya. Kusurwoyi kuma a zagaye su: lanƙwasar ciki ta zama rabin kaurin bango, ta waje kuma ta ciki haɗe da kaurin, don bangon ya ci gaba da zama daidai har a kwana.

Daga nan sai ka nemi duk wani lungu da zai maƙale idan mol ya buɗe, kamar huda a gefe ko ƙugiyar da ke kama murfi. Kowane irin wannan yana buƙatar wani yanki mai zamewa a cikin mol, kuma kowane yanki ƙarin kuɗi ne da ƙarin abin lalacewa. Sau da yawa 'yar taga a ƙarƙashin ƙugiyar takan bar ƙarfe ya ratso daga ɗaya ɓangaren ya fitar da siffar, ba tare da wani abu mai motsi ba.

Sauran matakan ba su da tsawo. Ƙofar da roba take shiga a sa ta a wuri mafi kauri, inda ido ba ya kaiwa, kuma ka tuna cewa bayan kowace huda robar takan rabu ta sake haɗuwa, ta bar layi mai rauni, saboda haka kada layin ya faɗo inda nauyi yake. Manhaja irin su Moldflow tana nuna wannan tun kafin a taɓa ƙarfe. Samfurin da aka buga da firinta mai fitar da siffa yana gwada girma da haɗuwa ne kawai, ba ya nuna lotsawa ko murɗewa. Idan 'yan dubbai kake buƙata, mol na alminiyam ya wadatar, idan kuwa dubban ɗaruruwa ne sai ƙarfe irin P20 ko H13. Ka aika wa mai ƙera mol zanen tun yana rabi, tare da sunan robar, yawan da za a buga, da alama a kan fuskar da mai saye zai gani.