Yadda ake gwada ruwan famfo da tace sinadaran PFAS a gida: darasi daga Wilmington

A watan Yunin 2017 mutanen Wilmington da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka suka samu labarin cewa akwai sinadarin GenX, ɗaya daga cikin dangin sinadaran masana'antu da ake kira PFAS, a ruwan da suke sha. Yana fitowa ne daga masana'antar Chemours da ke kusa da Fayetteville, wadda a da ta kamfanin DuPont ce, ya bi kogin Cape Fear har zuwa inda birnin ke ɗiban ruwa, kuma tun 1980 ake zubar da shi. Matatar ruwan birnin ba ta lalace ba. Tana zuba alif da kulorin yadda ya kamata, amma waɗannan ba sa taɓa dangin PFAS. Sai a watan Oktoban 2022 aka fara aiki da manyan tankunan gawayi a matatar ruwan birnin mai suna Sweeney, bayan an kashe kimanin dala miliyan 43. Kafin nan kowane gida shi ya nema wa kansa mafita.

Haɗin da ke tsakanin kabon da fulorin a cikin waɗannan sinadarai yana da ƙarfin da rana ko ƙwayoyin cuta ba sa iya karya shi, kuma wasunsu suna shekaru a jinin mutum. An danganta PFOA, ɗaya daga cikinsu, da kansar ƙoda da ta maraina, da hauhawar kitsen jini, da raunin amsar jiki ga allurar rigakafi. Ba su da wari, ba su da ɗanɗano. Kada a tafasa ruwa da niyyar kawar da su: tururi ne zai tashi, sinadarin ya ƙara yawa a abin da ya rage cikin tukunya.

Fara da gwaji. Tambayi hukumar ruwa sakamakonta na baya-bayan nan, in kuma rijiyar burtsatse ce, nemi ɗakin gwajin da ke aiki da tsarin EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka, mai lamba 533 ko 537.1. Ana ba da sakamako da nanogiram a kowace lita. Iyakar da EPA ta sa a Afrilun 2024 ita ce nanogiram 4 ga PFOA da 4 ga PFOS, wani sinadarin na dangin PFAS. Ƙanƙantar wannan adadi ce ta sa wajen ɗiban ruwan ake yawan ɓata gwajin. Yi amfani da kwalbar robar da ɗakin gwajin ya aiko, mai cin mililita 250, kada ka ɗauraye ta domin akwai garin magani a ciki. Kwalbar gilashi ba ta yi, sinadarin yana manne wa bangonta. Wanke hannu, sa safar hannu ta naitiril, kada ka shafa mai ko ka sa rigar ruwa ko ka taɓa takardar naɗe abinci mai hana maiƙo. Kwance ragar bakin famfo, buɗe ruwan sanyi ya zuba minti 3 zuwa 5, ka rage ƙarfinsa sannan ka cika. Sa kwalbar cikin ƙanƙara ka tura ta ranar. Akan haɗo da kwalba ta biyu mai ruwa tsarkakakke da za ka juye a wata a nan inda ka tsaya. Idan aka ga PFAS a cikinta, daga hannunka ko ɗakin ya shiga, sai a sake gwajin.

Game da matata, shawararmu ɗaya ce: na'urar RO, mai tura ruwa da matsi ta cikin tantani, da ake girkewa ƙarƙashin wurin wanke-wanke. A 2020 masu bincike na jami'ar Duke da jami'ar jihar Karolina ta Arewa sun gwada matatun da mutane ke amfani da su a gidajensu. Na'urorin RO sun rage PFAS da kashi 94 cikin ɗari ko fiye. Matatun gawayi na cikin jug da firiji da bakin famfo sun rage kashi 73 a matsakaici, wasu sun yi aiki sosai, wasu ba su yi komai ba. Duba lambar shaidar inganci a kwalin: NSF/ANSI 58 ga RO, NSF/ANSI 53 ga ta gawayi, kuma a tabbatar an rubuta PFOA da PFOS cikin jerin abin da take ragewa, don lambar ita kaɗai ba ta wadatar ba.

Na'urar RO tana da filtar datti, filtar gawayi ɗaya ko biyu, tantanin da ke ainihin tacewa, tanki, da ɗan famfonta na daban. A jona ta da layin ruwan sanyi kawai, ruwan zafi yana lalata tantanin. Tana bukatar matsin ruwa na aƙalla psi 40 (psi ma'aunin matsi ne), ƙasa da haka sai an ƙara mata ƙaramin injin turi. Iskar cikin tanki idan babu ruwa ta kasance psi 7 zuwa 8. Zubar da cikon tanki biyu na farko. Ka sani kuma a kowace lita ɗaya da ta tace tana zubar da lita 3 zuwa 4, kuma PFAS ɗin duk yana cikin wannan ruwan, saboda haka kada a tare shi don ban ruwan lambu ko shayar da kaji.

Inda aka fi faɗuwa shi ne bayan an girke. A sauya filtar datti da ta gawayi duk wata 6 zuwa 12, tantani duk shekara 2 zuwa 3. Idan gawayin ya gaji, kulorin zai wuce ya huda tantanin, ruwa ya ci gaba da zuwa garai-garai alhali ba a tace shi ba. Ƙaramar na'urar auna TDS, wato yawan abin da ya narke a ruwa, ba ta ganin PFAS, amma tana nuna lafiyar tantani: idan ruwan famfo ya nuna 200, wanda aka tace ya kamata ya tsaya wajen 20, in ya haura 40 lokacin sauyi ya yi. Rubuta ranar sauyi a jikin filtar.

Gawayi kuwa cika yake yi kamar soso, kuma ba ya nuna alama. Sinadarai masu gajeren jiki irin su GenX da PFBA suna tsallake shi tun kafin PFOS ya fara, kuma gawayin da ya cika yakan sako abin da ya kama. A binciken 2020 ɗin nan an samu gidaje masu babbar matatar gawayi ta gida duka da ruwansu ya fi ƙazanta bayan tacewa. Irin wannan matata tana kuma cire kulorin daga bututun gida, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. PFAS kaɗan ne ke shiga ta fata, don haka wanka da wanki ba su ne abin damuwa ba. Ruwan sha, girki, shayi, ƙanƙara, musamman haɗa madarar jarirai, duk a ɗebo daga famfon RO. Bayan wata guda da girkewa a tura kwalba biyu ɗakin gwaji, ɗaya daga famfon gida, ɗaya daga na RO, a kwatanta lambobin.