Tukunyar Shinkafa ta Lantarki a Gidan da Ake Ɗauke Wuta

Amare da yawa a nan Kano ana sako musu tukunyar shinkafa ta lantarki, wadda muke cewa rais-kuka, a cikin kayan kicin, sai ki tarar shekara ta zagayo tana nan cikin kwalinta a saman kabad. Wata tsoron shokin take ji, wata kuma sau ɗaya ta gwada shinkafar ta caɓe, ta haƙura. Ni kuwa ita ce ke riƙe da abincin rana a gidana. Koyarwa nake yi, sai bayan azahar nake shigowa, in ɗora shinkafa in shiga salla, kafin yara su cire kayan makaranta ta nuna. Don haka nake son ki fito da taki, 'yar'uwa, amma ki san halinta tukuna.

A ƙasar Jafan aka ƙirƙiro ta, kamfanin Toshiba ne ya fara sayar da mai kashe kanta a 1955. Masu rubuta 'yar takardar da ke cikin kwalin ba su yi tunanin gidan da wuta ke zuwa ta tafi ba, ko ta zo rabi, ko ta dawo da ƙarfin da zai ƙona kaya. Yawancin abin da zan faɗa miki a kan wannan giɓin yake.

Ki cire tukunyar ciki ki leƙa. Za ki ga farantin ƙarfe, shi ne ke zafi, a tsakiyarsa kuma akwai wani ɗan zagayayyen abu da ke lotsawa idan kin danna. Shi ke jin zafin gindin tukunya. Muddin da sauran ruwa a ciki, zafin ba ya wuce digiri 100, inda ruwa ke tafasa. Da zarar shinkafa ta shanye ruwan sai zafin ya haura, maganaɗisun da ke riƙe da maɓallin ya saki, ki ji ƙas, jar fitila ta mutu, ta ɗumamawa ta kama. Iyakar dabarar ke nan. Ba ta san shinkafa ta nuna ko ba ta nuna ba, ƙarewar ruwa kawai ta sani.

Kafin ki jona ta ko sau ɗaya, kifa ta ki karanta takardar da ke manne a gindinta. Wutarmu a Najeriya 230V ce, ta Nijar 220V, to abin da kike so ki gani shi ne 220V zuwa 240V. Idan 'yar gwanjo ce, ko tsaraba daga Amurka, za ki iya ganin 110V ko 120V, ta Jafan kuma 100V. Irin wannan idan kika soka ta kai tsaye nan take za ta ƙone, sai da taransfoma mai rage ƙarfin wuta, wanda zai iya ɗaukar nauyinta. A wannan takardar dai za ki ga yawan wutar da take ja. Mai cin lita 1.8, wadda aka fi yayi, tana jan wajen wat 700. Ba ta cin kuɗin mita kamar yadda ake tsorata mutane, dahuwar rabin awa kusan kashi ɗaya cikin uku na yunit guda ce. Amma wat 700 ya yi wa ƙaramin janareton nan na fitila da fanka yawa, haka ƙaramar sola ta cajin waya. Ki tambayi wanda ya haɗa muku kafin ki ɗora musu ita.

A soket ɗin bango za ki jona ta, ita kaɗai. Kada ki haɗa ta da butar lantarki ko dutsen guga a ekstenshan guda, musamman irin masu sirirriyar wayar nan na tallan bakin titi. Kuma in filogin bai zauna daram ba, yana rawa ko yana tartsatsi, a sake soket ɗin. Tura tsirarar waya cikin soket a tokare da tsinken ashana, wannan ko a gidan wa na gani sai na yi magana. Idan tana aiki ki riƙa taɓa filogin da busasshen hannu: ɗumi kaɗan ba komai, amma zafin da zai sa ki janye hannu, ko ƙaurin roba, ki kashe.

Sai shinkafar kanta. Ta gida, irin ta Kura ko ta Kebbi, ki rege ta a roba daban, ki tsince tsakuwa. Kada ki wanke shinkafa a cikin tukunyar ciki, ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta karce baƙin shafen nan da ke hana kamu. Kofin da ya zo da ita mililita 180 ne, ya ɗan fi gwangwanin madara, kuma layukan da ke jikin tukunyar da shi aka auna su: kofi 3 na shinkafa, ruwa ya kai layi na 3. Sai dai an yi layukan ne da farar shinkafar mutanen Asiya. Tamu turararriya ta fi shan ruwa, ni kofi biyu na ruwa nake ba kowane kofi ɗaya. Basmati kuwa kofi ɗaya da rabi ya ishe ta, in kin ɗan jiƙa ta. Kowane buhu da halinsa, sabuwar shinkafa ba ta kai tsohuwa ƙishirwa ba, saboda haka dahuwar farko daga sabon buhu ki ɗan rage ruwa. In ta kashe kanta da sauran tauri, ki yayyafa ruwan zafi, ki ba ta 'yan mintoci ta huce, ki sake danna maɓallin. Kada ki cika ta ta wuce layin ƙarshe, kumfa zai taso ya gangara cikin wayoyi.

Abin da na fi nanata wa ƙannena shi ne goge gindin tukunyar ciki. Ki sa tsumma ki share shi tas kafin ki zura ta, ki duba farantin ko ƙwayar shinkafa ta faɗa. Ruwa ko ƙwaya ɗaya a tsakaninsu na hana su haɗuwa sosai, sai ki ji tana ƙara, gefe ya yi ƙanzo gefe bai nuna ba, farantin kuma ya yi baƙin tabo. Idan kin zura ta, ki ɗan juya ta dama da hagu ta zauna. Ki ajiye ta a kan tebur busasshe, ba a ƙasa inda mai rarrafe zai kai ba, wayar ma kada ta yi reto. Ramin da tururi ke fita kada a rufe shi da tsumma, kada kuma ya saitu da ƙasan kabad na katako. Bayan ta kashe kanta ki bar ta a rufe minti 10 zuwa 15, sannan ki juya da cokalin roba ko na katako. Cokalin ƙarfe ba ya shiga tukunyata.

To, an ɗauke wuta shinkafa na tsakiyar tafasa. Da farko ki zare filogi, don dawowar wuta ce ke zuwa da fizga. In ruwan ya kusa tsotsewa, kada ki buɗe, zafin da ke ciki kan ƙarasa ta. In da saura sosai, ki juye a tukunyar girki ki ƙarasa a gas ko gawayi. Ita tukunyar ciki kada ki taɓa ɗora ta a kan wuta. Gindinta zai lanƙwashe, daga ranar ba za ta sake zama daidai a kan farantin ba, kuma samun wata mai girmanta aiki ne. Ranar da wuta ta zo da rauni, ƙwan fitila ya yi ja, gara ki haƙura da ita, za ta daɗe tana jiƙa shinkafar ba tare da tafasar kirki ba.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta ɗumamawa. A ɗanyar shinkafa akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta gamawa da ita. Idan abinci na da zafi sama da digiri 60 ba ta iya yaɗuwa, shi ya sa aka yi wa tukunyar ɗumamawa ta riƙe shi sama da haka. Idan ya sauko ƙasa da haka sai ta farfaɗo ta hayayyafa, ta zuba dafin da ko an sake ɗumama abincin ba ya mutuwa. Amai ne ke biyo baya cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci da gudawa. Ki duba yadda muke yi da azumi: a dafa bayan asham, a bari a ɗumamawa don sahur, a kwanta. Ƙarfe goma sha biyu a ɗauke wuta, a dawo da ita ƙarfe uku. Ki tashi ki ga fitila na ci, shinkafa da ɗumi, ba wari ba yauƙi, alhali ta yi sa'o'i tana hucewa a rufe cikin zafin bazara. Ni ba na kwana da shinkafa a cikinta. Wadda za a ajiye a kwashe a baza a faranti ta huce da wuri, ta shiga firji kafin awa biyu, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya. In ba firjin da za a dogara da shi, ki dafa daidai cikin mutanen gida, ta sahur kuma ki tashi ki ɗora sabuwa, rabin awa ce. Ko da wutar tsayayyiya ce, ba na wuce awa huɗu zuwa biyar a ɗumamawa, tana bushewa ta canza launi.

Kwandon nan mai huji-huji da ya zo da ita, wanda wasu ke bai wa yara su yi wasa, madambaci ne. Ki zuba ruwa a tukunyar ciki yadda ko ya tafasa ba zai taɓo kwandon ba. Don dambun shinkafa, ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta saboda hujin na da faɗi, ki zuba tsakin da kika wanke kika tsane, kada ki danna shi. In ya yi turarin farko ki juye, ki haɗa da zogale da albasa da attaruhu da mai da dakakkiyar gyaɗa, ki mayar. Alala a gwangwanin da aka shafa wa mai tana ɗaukar wajen minti 40 zuwa 45, ki soka tsinke ki gani. Na fi son gwangwani a kan leda. Karas, kabeji, dankali da ƙwai kuwa a saman shinkafar ma suna nuna. In turara abinci kike yi, ke ce mai duba agogo, don ba za ta kashe kanta ba sai ruwa ya ƙone ƙaf, kuma barin ta ta ƙone ruwa yana gajiyar da ita. In za ki ƙara, ki ƙara ruwan zafi.

Wajen buɗe murfi ki fara ɗaga gefen da ke nesa da fuskarki. Ƙunar tururi ba wasa ba ce. In ta faru, a sa wurin a ruwan sanyi mai gudana na tsawon minti 20, ba makilin ba ƙwai ba manja, in ta yi faɗi ko a jikin yaro ce a tafi asibiti.

Dafa-duka tana yi lafiya, amma ki soya kayan miyarki a wata tukunya ki juye. Masu tokare maɓallin da cokali don ya ƙi tashi su yi suya, kariyar tukunyar suke kashewa. Tuwon shinkafa ma ki dafa ta yi luguf, ki juye ki tuƙa a wani wuri, muciya ba ta dace da ita ba. Kanwa kuma tana cin alminiyon, kada ta shiga.

Wanki: zare filogi, bari ta huce. Tukunyar ciki da kwando da murfin da ke cirewa su ne na ruwa da sabulu da soso mai laushi. In ta yi ƙanzo ki jiƙa da ruwan ɗumi, zai saki da kansa, soson ƙarfe ba nata ba ne. Gangar jikin ba ta shiga ruwa ko kusa, tsumma mai laima kawai. Masu murfi a haɗe suna da ɗan ƙoƙon tarar ruwa a baya, a zubar a wanke kullum, shi da zoben roba na bakin murfin, nan wari ke farawa. Farin ɓawon da ruwan rijiya ke bari, ki tafasa ruwa da lemon tsami a ciki ki ɗauraye. Ki bar ta ta bushe a buɗe kafin ki ajiye, kuma ki riƙa duba ƙasanta, kyankyasai na son ɗumin wurin.

Idan kin taɓa jikinta kin ji tana ja, ko wayar ta ɓare, ki daina aiki da ita har sai an duba. A cikinta akwai wani ɗan fis da ke tsinkewa in zafi ya wuce kima, kuma sau da yawa shi ne dalilin da za ki ga ta mutu ɗif. Wasu masu gyara cire shi suke yi su haɗa wayar kai tsaye, ta tashi, a ce an gyara. Ki ce wa mai gyaran, "Malam, don Allah sabon fis irin nata za ka sa min, kuma ina son ganin tsohon." In ya ce babu a shagonsa, ki ɗauki abarki ki gwada na gaba.