Dattijon da kalmomi ke zubewa daga bakinsa: kurakuran masu jinya

Akwai ciwon ƙwaƙwalwa da ke cinye magana a hankali, galibi tun mutum na tsakanin shekara 50 zuwa 65. Da Turanci ana kiransa primary progressive aphasia. Likita Mesulam ne ya bayyana shi a 1982 a Amurka. Ya bambanta da shanyewar ɓarin jiki, wadda ke ɗauke magana dare ɗaya, daga baya wani abu ya dawo. Wannan kullum gaba yake yi. Aikin horon magana shi ne riƙe abin da ya rage.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne jarrabawa. A ɗaga buta a ce, "Baba, mene ne wannan? Faɗi mana!" Jikoki na tsaye suna kallo. Mutumin da ya shekara talatin yana ciniki a kasuwar Jega, yau an mai da shi ɗan aji ɗaya. Me ake jira in ba ya kama bakinsa ba? Ku daina. Ku zaɓi kalmomi 15 zuwa 20 da yake buƙata kullum, ku riƙa bitarsu da shi da hotuna: sunayen 'ya'yansa, buta, carbi, fura, bayi. Ku ɗauki hoton butarsa shi kansa, ba wata ba, domin wasu masu ciwon ba sa gane cewa wata butar ma buta ce. In kalma ta maƙale, ku jira daƙiƙa goma. Sai ku ce, "da ita kake alwala." Ta ƙi? Ku ba shi farkonta, "bu…". Ta ƙi? Ku faɗa gaba ɗaya, ya maimaita, a wuce. A yi wannan bita na tsawon minti 15 bayan karin kumallo, ku biyu kaɗai, rediyo a kashe. Na fi son safiya, yamma gajiya ke yawa.

Na biyu, jinkirta littafin hotuna da zai riƙa nuna abin da yake so a ciki in magana ta ƙi, wai "ai yana magana tukuna." To sai yaushe? Koyon nuni da yatsa yana son ƙwaƙwalwar da ke iya koyo. A haɗa shi yanzu, hoto huɗu a shafi, suna a ƙasa da boko ko ajami, wanda ya fi karantawa. A naɗi muryarsa a waya tun yana iya magana. A sa takarda mai lambar wayar ɗansa a aljihun rigarsa.

Ɗaga murya banza ne, ba kurma ba ne. Kada ku amsa gaisuwa a madadinsa yana zaune a wurin. "I" da "a'a" kan rikice masa, ku tabbatar da nuni.

Masu cewa sammu ne su yi addu'arsu, amma a kai shi asibiti a Gusau ko Birnin Kebbi, a nemi turawa wajen likitan ƙwaƙwalwa a yi hoton ƙwaƙwalwa, domin ƙari a kai ma kan taɓa magana. In ya fara ƙwarewa da ruwa ko tari yana cin tuwo, a koma asibiti cikin makon nan.