Yadda ake rubuta adireshin IPv6 mai alamar %

Ana saura mako biyu alhazai su fara sauka, ina wani masauki a unguwar Misfala da ke Makka ina haɗa musu intanet, sai rautar hawa na huɗu, wato na'urar da ke rarraba intanet ɗin, ta ƙi amsawa. Na tura ɗan yayata ya duba. Can sai ga saƙonsa: "Kawu, ga shi, fe80::1%12." Na kwafa na liƙa a kwamfutata, shiru. Na sake, shiru. Sai da shayina ya huce kafin na tuna tasa Windows ce, tawa Linux.

Duk adireshin IPv6, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, da ya fara da fe80 na cikin gida ne, ba ya tsallake rauta, kuma kowace ƙofa ta na'ura, ta kebul ko ta Wi-Fi, tana da irinsa. Shi ya sa dole ka gaya wa kwamfuta ƙofar da za ta bi. Aikin % ke nan, kuma abin da ke bayanta shi ne shiyya. Windows lamba take sawa, kamar %12. Linux suna take sawa, eth0 ko wlan0, Mac kuma en0. Wannan 12 ɗin, a kwamfutar yaron kaɗai take da ma'ana. In an turo maka adireshi, yanke daga % zuwa ƙarshe ka sa taka. Umarnin ipconfig zai nuna maka ita a Windows, umarnin ip -6 addr a Linux.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne in za a haɗa da tsawon kan adireshi, wato irin /64 da ake sawa a ƙarshe don nuna iyakar ɓangaren da ke na hanyar sadarwa. Adireshi ne farko, sai shiyya, sannan tsawo: fe80::1%eth0/64. Ba fe80::1/64%eth0 ba. Haka takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 4007 ta 2005 ta tsara, kuma da dalili: in manhaja ta guntule /64, abin da ya rage cikakken adireshi ne da za ta yi aiki da shi kai tsaye. Amma fa ba kowane umarni ke karɓar % ba. Shi ip addr add, umarnin ba ƙofa adireshi a Linux, fe80::1/64 yake so, sannan ka ƙara dev eth0 daban.

Shi kansa adireshin, bi RFC 5952 ta 2010. Ƙananan baƙaƙe, a zubar da sifilin gaba, a dunƙule jerin sifili mafi tsawo da ::, sau ɗaya tak. Wato 2001:0DB8:0:0:0:0:0:0001 ya koma 2001:db8::1. Gida ɗaya mai sifili, wato rukuni ɗaya tsakanin ruwa biyu, ba a dunƙule shi, 0 ake rubutawa.

In kuma scp za ka yi, wato kwafar fayil tsakanin kwamfutoci, rufe adireshin da baka mai kusurwa don kada ruwa biyun da ke cikinsa su cakuɗe da na gaban sunan fayil: [fe80::1%eth0]:fayil. Burauza kam, ban ba ka shawarar wahalar da kanka ba, yawancinsu ba sa karɓar shiyya.

Ranar dai da na sa %enp3s0, sunan ƙofar kwamfutata, rautar ta amsa nan take. Yaron ya sauko yana tambaya ko kebul ɗin ne, na ce ya je ya sake ɗora ruwan shayi.