Yadda na gyara akori-kurata mai tafiyar ƙaguwa

Tun da na faɗa rami a hanyar kasuwar Mile 12 ta Legas da lodin tumatir, motar ta soma tafiyar ƙaguwa, wato tafiya a karkace, tayar baya ta hagu tana cinyewa ta gefe guda. Sau biyu ana yi min alaimen na gaba, wato daidaita tayoyin gaba, a banza.

Wani dattijon bakanike a Agege ya ce, "Alhaji, kawo igiya." Muka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, hagu da dama. Hagu ta ɗara da yatsu biyu. Ashe ƙusar tsakiyar sifirin ce ta karye, wadda ke riƙe aksil (ƙarfen da tayoyin baya ke kai) a mazauninsa, sai ya ja baya ta hagu. Na sayo sabuwa a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, muka mayar da aksil ɗin mazauninsa, muka ɗaure tam. Sitiyari ya miƙe, alhamdulillahi.